Murhun gawayina ya tsage, wuta ba ta ci, kuma kaina na sarawa bayan girki

Maman Husna:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu girki da gawayi ku taimaka mini da shawara, abin ya fara hana ni sukuni.

A Tudun Wadan Zariya nake, gidan haya. Mu shida ne a sashenmu: ni da maigida, yara uku, sai ƙanwarsa da take karatu a wurinmu. Tun da na yi aure da gas nake girki. Bayan cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kilon gas ya haura naira 1,000, tukunyar kilo 12.5 kuwa da ƙyar take kai mu sati uku. Sai muka raba aiki: shayin safe da ɗumame a kan gas, wake da tuwo da ruwan wankan yara a kan gawayi.

Da murhun Abacha na fara, wannan na ƙarfe zalla. Yana saurin kamawa, amma cin gawayinsa ya yi yawa, kuma bai rufa shekara ba gindinsa ya ɓurme. Bayan babbar sallah maigida ya sayo mini irin mai yumɓu a ciki, ƙarfe a waje, da 'yar ƙofa a ƙasa. Wallahi wata biyun farko na ji daɗinsa. Gawayin da bai cika kwanon sha ba sai ya dafa mini shinkafa da wake, har in ɗora ruwan zafi a kan sauran garwashin.

Yanzu kuwa wuta ba ta ci. In yi ta fifita har hannuna ya gaji, saman gawayin ya yi ja, na ƙasa yana nan baƙi ƙirin. Ruwan tuwon da a da yake tafasa kafin in gama kaɗa kuka, yanzu sai in gama in zauna ina jiran sa. Na canza mai gawayi har sau biyu, duk ɗaya.

Sannan yumɓun ya tsage, tun daga baki har ƙasa inda ramukan suke. Da farko kamar zare ne, yanzu tsinken tsintsiya yana shiga. Ban taɓa yar da shi ba. In na gama girki ina yayyafa wa garwashin ruwa a cikin murhun don in samu na gobe, yadda na saba yi da Abacha. Duk Juma'a kuma ina wanke shi tas da soso da omo, don ba na son ganin ƙazanta a inda nake abinci. Maƙwabciyata ta ce in liƙe tsagar da siminti. Zai riƙe?

Abin da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Da hunturun nan ya shigo, iska tana kwashe zafin wutar a tsakar gida, ga ƙura tana sauka cikin miya, sai na koma girki a kicin. Kicin ɗin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, na toshe ta da kwali saboda ƙura. Ina kula sosai: a waje nake hura wutar, sai hayaƙin ya ƙare ƙaf, garwashi ya yi jawur, sannan in shigo da shi.

Ranar Talata na ɗora wake, na tura ƙofa saboda sanyi. Husna, shekararta 6, ta shigo ta zauna kusa da murhun tana jin ɗumi tana aikin makaranta a kan cinyarta. Mun yi kamar awa ɗaya sai na ji kaina yana sarawa ta gefe biyu, kamar an ɗaure shi da igiya ana ja. Na miƙe zan ɗauko gishiri, gwiwoyina suka saki, sai da na dafa bango. Na juya na ga Husna ta kwantar da kai a kan littafinta, fensirin ya faɗi ƙasa. Na kira ta, ta ɗago da ƙyar ta ce, "Mama cikina," sai amai. Na sungume ta muka fita tsakar gida, na shimfiɗa mata tabarma. Kafin isha ta warware har tana neman abinci, ni kuwa da ciwon kan na kwana.

Babanta ya sayo mana maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, amma jikin kowa bai yi zafi ba. Wannan shi ne karo na uku da kaina ya yi haka, kuma duk ranar girkin wake ne ko tuwo. Surukata ta ce hayaƙi ne, mu sha madara. To ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan, babu hayaƙi ko kaɗan a kicin ɗin, ko wari babu. Akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan?

Anti Nas:

Wa alaikumus salam. Maman Husna, ajiye maganar tsagewa tukuna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 16 a aiki, kuma da na karanta abin da ya same ku ranar Talata sai da gabana ya faɗi. Don girman Allah kada murhun nan ya sake shiga kicin ɗin da wuta a cikinsa. Allah ne ya kuɓutar da ke da yarinyar nan.

Abin da kuka shaƙa ba hayaƙi ba ne. Wata iska ce da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. Garwashin da ya yi ja ya daina hayaƙi yana nan yana fitar da ita har ya zama toka. Hayaƙi ma ya fi ta sauƙi, don shi yana korar mutum daga ɗaki da kansa. Ita ce dai iskar da ke kashe iyali guda in sun kwana da janareta a cikin gida.

In ta shiga huhu sai ta maƙale wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma riƙonta ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Jini yana zagayawa amma bai ɗauko abin da ƙwaƙwalwa da zuciya suke jira ba. Daga nan ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai barci. Barcin nan shi ne mugun wuri. Husna da ta kwantar da kai a kan littafi, da a ce kin leƙa maƙwabta kin bar ta ki ce barci take, ba na son in ƙarasa. Yara, masu ciki, tsofaffi, masu ciwon zuciya da masu ƙarancin jini su take fara kayarwa, kuma ɗan da ke ciki ya fi uwarsa shan wahalarta.

Yadda ake bambance ta da maleriya ba wuya: mutum biyu ko fiye su kamu lokaci guda a ɗaki guda, jiki babu zafi, da an fita iska a fara jin sauƙi. Duk ukun kin faɗe su da bakinki.

Madara ba ta yin komai a nan, manja ma haka. Gubar ba a ciki take ba balle a wanke ta, a jini take, kuma ta numfashi take fita. In mutum yana shaƙar iska ta yau da kullum, sai an yi awa 4 zuwa 5 kafin rabinta ya fita, shi ya sa kika kwana da ciwon kai. In an sa masa oksijin zalla a asibiti abin yana sauri sosai. Don haka in haka ta faru, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa, wanda ya yi amai ko ya ruɗe ko ya suma a nufi asibiti da shi. Kada a ɗura wa wanda ya suma komai a baki, zai iya sarƙewa. A asibitin kuma a faɗa musu ƙarara cewa gawayi ne a rufaffen ɗaki, domin 'yar na'urar da muke maƙalawa a yatsa tana iya nuna komai lafiya alhali jinin cike yake da wannan iska.

Ki kai Husna a duba ta ko da ta warware, ke ma a duba ki, a yi muku gwajin maleriya kafin ku ci gaba da wancan maganin. Cikin makonnin nan ki sa mata ido: in kin ga mantuwa, ko yawan ciwon kai, ko tafiyarta ta canza, ki koma da ita.

Na taɓa karɓar mai jego da jaririnta da asuba. Kakar yaron ce ta sa musu kaskon wuta a ɗaki don kada sanyi ya shige su, ta ja ƙofa, ta sauke labule. Soyayya ce ta sa ta. Uwar ta tashi. Har yau ina ganin fuskar tsohuwar nan a bakin ƙofar ɗakinmu.

Maman Husna:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Anti, jikina rawa yake. Wallahi ni a tunanina in dai hayaƙi ya ƙare an gama da haɗari, shi ya sa nake tsayawa a waje cikin sanyi ina jira ya yi ja. Na cire kwalin yanzun nan, na fitar da murhun. Gobe da safe in sha Allah za mu asibiti. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Malam Mai Walda:

Allah ya tsare gaba, Hajiya. Anti ta gama magana a kan lafiya, ni bari in taɓa ɓangaren sana'ata. Walda nake yi a Kano, murhu yana cikin abin da nake ƙerawa. Gangar ƙarfen ni nake yi, yumɓun kuma wajen magina nake saro shi. Asalin irin wannan murhun daga Kenya ya bazu tun wajajen 1980, can suna ce masa jiko, a Gana kuma akwai ɗan'uwansa da suke kira Gyapa. In an riƙe shi da kyau yana shekaru.

Rashin cin wutar da tsagewar duk ruwa ne ya jawo su. Yumɓun nan gasasshe ne kamar tukunyar ƙasa. In ya ɗau zafi kika watsa masa ruwa, fuskar da ruwan ya taɓa sai ta tsuke nan take, cikinsa kuwa yana nan da zafinsa, dole ya dare. Abacha ba ya darewa don ƙarfe ne, amma jiƙaƙƙiyar toka tana riƙe danshi a jikinsa, tsatsa ta yi ta ci, shi ya sa gindin naki ya ɓurme da wuri. Sannan ruwa da toka in sun haɗu sai su zama kwaɓi, su gangara cikin ramukan, wutar gobe ta gasa su su daskare kamar dutse. Wankin Juma'ar nan ma ki daina. Yumɓu yana shan ruwa, in aka hura masa wuta bai bushe ba tururin da ke cikinsa ne zai fasa shi.

Ki gwada wannan. In murhun ya huce, ki zazzage shi, ki ɗaga shi ki fuskanci rana, ki leƙa ta sama ki ƙirga ramukan da haske ke shigowa ta cikinsu. Na tabbata ba su kai rabi ba. Ki samu ƙusa mai inci 4 ki riƙa murza ta a hankali cikin kowane rami har ya buɗe. Murzawa na ce, ban da bugu, don wurin ramukan shi ne ya fi rauni. Ɗakin tokar da ke ƙasa kuma kullum a kwashe shi kafin a hura wuta. Ta ƙofar nan iska take shiga, ta bi ramukan ta hau cikin gawayi. In toka ta cika ƙasa, ko kin kwana kina fifita sama kawai za ki hura. Kuma gawayin da iska ba ta ishe shi ba shi ya fi fitar da gubar da Anti ta yi bayani, kin ga ashe matsalolin naki uku a haɗe suke.

Wajen zuba gawayi kada ya wuce bakin yumɓun. Mutane suna tula shi har tukunya ta zauna a kansa ta danne wutar. A bar tazarar kamar kaurin yatsa tsakanin gindin tukunya da gawayi, tukunyar ta zauna a kan ƙafafun ƙarfen da aka yi mata. Gawayin ya zama kamar girman lemun tsami ko ƙwai. Manya a fasa su a ƙasa, kada a fasa a cikin murhu. Garin da ke gindin buhu a tankaɗe shi a ware, shi ma yana toshe ramuka. Ƙofa a buɗe take gaba ɗaya har tukunya ta tafasa, sannan a tura ta rabi, wutar ta lafa, gawayi ya daɗe.

Siminti ba zai riƙe ba, wuta tana cinye ƙarfinsa, sati biyu ya fara zubowa. Ki nemi yumɓu wajen masu ginin tukwane, in babu ki samo ƙasar suri. Ni yadda nake yi: kashi biyu yumɓu, kashi ɗaya yashi mai laushi, da ɗan tankaɗaɗɗen buntun shinkafa. A kwaɓa da tauri kamar tuwo. A goge tsagar da tsohon buroshi, a ɗan jiƙa bakinta, a cusa kwaɓin da yatsa har ya cika, a shafe. A ajiye a inuwa kwana uku, kuma da yake hunturu ne a rufa masa buhu don kada iska ta busar da shi da gaggawa. Wutar farko da ta biyu a yi su ƙanana, gawayi ɗan kaɗan, kamar na shayi. Tsaga siririya kamar gashi ba ta da matsala, kusan kowane murhu yana yin ta. Amma in gutsure ya faɗo daga wurin ramukan, faci ba zai yi ba, sai a canza yumɓun gaba ɗaya, gangar tana nan.

Tsafta kuma busasshen tsumma ya isa. In ya huce ki goge ƙarfen, lokaci-lokaci ki ɗiga man gyaɗa a tsumman saboda tsatsa. Ki ɗora shi a kan bulo, kada ya kwana a ƙasa ko inda raɓa za ta sauka masa. Kada kuma a ɗauke shi da tukunya a kai.

Ga masu shirin saye: ku guji murhun da aka yi da kwanon rufi ko gangar da ta ɗauki fenti ko sinadari. Farin da ke jikin kwano in ya ƙone hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, mu masu walda mun san shi a jikinmu. Sabon murhu kowane iri ne a fara hura shi a fili babu tukunya, fentin ya ƙone ya gama warinsa.

Abu Sadik:

Allah ya ƙara lafiya. Amma ni ina da tambaya, ba musu nake ba. Mun taso mun ga kakanninmu suna kwana da kaskon wuta a ɗaki duk hunturu, masu jego ma har wuta ake hura musu a ƙarƙashin gadon ƙasa, kuma sun yi tsawon rai. Me ya canza? Kada a tsorata mutane, talaka ba shi da hita.

Goggon Yara:

Ɗana Abu Sadik, ni na kwana a irin ɗakin da kake faɗa, a ƙauyenmu ta wajen Malumfashi, bari in ba ka amsa. Ɗakin ne ya canza. Namu jinka ce a sama, iska tana ratsa ciyawar dare da rana, tsakanin bango da jinka akwai tazara, ƙofa kuwa asabari ne. In ka kwanta kana jin sanyi yana shafar fuskarka ko da wuta. Ɗakin yanzu siminti ne, da silin, da tagar gilas, da ƙofar ƙarfe, a ƙara da labule mai kauri, har a cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Kwalba ce aka toshe. Kuma kada ka ce a da ba a mutuwa. Ana wayar gari a ce wane ya kwanta bai tashi ba, a ce kwana ya ƙare, a yi jana'iza. Wa ya bincika? Talaka ba shi da hita, gaskiya ne, amma yana da bargo da safa da hula, kuma ana iya ɗumama dutse ko bulo a waje a naɗe da tsumma a sa wajen ƙafa.

'Yata Maman Husna, sannu, Allah ya raya mana Husna. Shekarata 30 da wani abu ina girki da ice da gawayi, ga abin da zan ƙara a kan na Malam.

Kashe wuta ba sai da ruwa ba. Ki samu babban gwangwanin madara mai murfin ƙarfe. Kin gama girki, ki ɗebe garwashin da awartaki ki zuba ciki ki rufe ruf, ki ajiye a waje inda yara ba sa kaiwa, don gwangwanin zai yi zafi. Babu iska, wutar za ta mutu da kanta. Gobe ki buɗe ki tarar da gawayinki a bushe, ya ma fi sabo saurin kamawa. Wanda aka kashe da ruwa shi ne yake hayaƙi yana tartsatsi.

Hurawa kuma, don Allah a bar leda da roba. Warin yana shiga abinci, hayaƙin yana shiga ƙirji, narkakkiyar ledar kuma ta sauka ta liƙe ramukan. Ni totuwar masara nake tarawa, ko ƙirare, ko ɓawon gyaɗa. Ki samu gwangwanin tumatir babba ki cire masa sama da ƙasa, in kin kunna ki kafa shi a kan gawayin. Yana jan iska sama, kafin ki wanke shinkafa wuta ta kama, ba ki taɓa mafici ba. Ki cire shi da awartaki. Kalanzir kuwa kada a taɓa ƙara shi a kan wutar da ta riga ta kama, ko kin ga kamar ta mutu. Fetur ma ba a maganarsa.

In za ki sayi gawayi ki ɗaga ki ji nauyi. Mai kyau yana da nauyi, in kin haɗa biyu kin ƙwanƙwasa za ki ji ƙara kamar ta ƙarfe, in kin karya cikinsa yana sheƙi. Na kirya shi ne sarki, shi maƙera suke nema, sai na marke. Wanda kika karya kika ga ja-ja a ciki bai gama ƙonewa ba, hayaƙi zai yi miki.

Maganar iskar tsakar gida, bulo shida sun ishe ki. Ki jera su gefe uku su tare iskar, sama a buɗe, ki riƙa rufe tukunya saboda ƙura. Wake ki jiƙa shi tun dare. In ya tafasa sosai ya ɗauko nuna, ki sauke tukunyar a rufe ki naɗe ta da tsohon bargo ki sa a kwando, zai ƙarasa da kansa. Toka kuma a bokitin ƙarfe ake tara ta, tana ɓoye rushi har washegari. Jikana ya taɓa taka wadda aka zubar a bayan ɗaki, ana ganin ta fara fat kamar ta huce, sai da ya yi wata bai sa takalmi ba.

Ɗan Tawa:

Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Na karanta duka, kuma ina so in ƙara kalma guda saboda masu amfani da kwal, wanda mu nan muke ce ma gawayin Anu Araren. Can arewacin Agadas, kusa da Cirozerin, kamfanin SONICHAR da anka kafa a 1975 yake haƙo shi, ana ba da wutar lantarki da shi, wani kuma a gasa shi a rage mishi hayaƙi a saida ma mata don girki, saboda a rage saran itace. Nan jiharmu ta Tawa ma akwai shi a Salkadamna.

Gidanmu mun yi shekaru muna girki da shi, kuma halinshi daban ne da gawayin ice. Yana da wuyar kamawa, sai an fara hura gawayin ice ko ƙirare a ƙasa sannan a ɗora shi kaɗan-kaɗan. Amma in ya kama, wuta guda ta yi abincin rana, ta yi ruwan wanka. Iska yake so daga ƙasa fiye da gawayi, tokarshi kuma tana da yawa da nauyi, wani lokaci ta dunƙule kamar tsakuwa a kan raga. Tsakiyar girki sai an sa ƙarfe an zungura ta ƙasa tokar ta zube. Zafinshi yana cin raga, mu kan canza ta kafin gangar ta tsufa. Shi ya sa ban ba da shawara a zuba shi cikin murhun da anka yi don gawayin ice ba, a nemi nashi.

Abin da ya sa na yi magana shi ne tokar. Iyayenmu mata sun saba tace tokar ice ko ta kara su yi ruwan toka don miya, a zuba sauran a gona. Tokar kwal ba a yin haka da ita. Daga ƙasa ya fito, akwai ƙazantar ma'adinai a cikinshi. Kada ta shiga abinci, kada a zuba ma kaji ko shukar lambu. Tsire da gasasshiyar masara ma a bar ma gawayin ice. Maganar Anti kuwa ta hau kanshi daidai, mu ko cikin sanyin Janairu a fili muke hura shi.

Maman Husna:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun je asibiti ranar Alhamis. Gwaji ya nuna babu maleriya a jikinmu, ni da Husna. Likita ya saurari labarin, ya maimaita abin da Anti ta faɗa kusan kalma da kalma, ya ce mu dakatar da wancan maganin, in sa mata ido, in na ga wani canji in dawo da ita. Tana nan lafiya, ta koma makaranta.

Malam, na yi gwajin rana. Ramuka 19 ne a murhun, 6 kaɗai haske yake shiga. Sauran na zauna da ƙusa na yi ta murzawa, abin da yake fitowa kamar tsakuwa, har da baƙin abu mai danƙo, na gane ledar da nake hura wuta da ita ce. Kafin in yi facin na gwada hura shi sau ɗaya a tsakar gida da gwangwanin Goggo. Ban ɗauki mafici ba. Ina tsaye na ji wutar tana wani huci daga ƙasa, irin ƙarar da na manta murhun yana yi tun yana sabo. Babansu ya kawo bulo ya jera mini a gefen rijiya, nan nake girki yanzu a kan tsohon Abachan maƙwabciyata kafin nawa ya bushe.

Jiya Asabar muka je Giwa wurin surukata, don ita kullum da kasko take kwana, ga jikoki biyu a ɗakin. Ni ban iya faɗa mata ba, ɗanta ne ya zauna ya karanta mata abin da Anti da Goggo suka rubuta. Da ya zo wurin mai jegon nan ta yi shiru, ta jawo Husna ta ɗora ta a cinya tana shafa kanta. Ba ta ce ta daina ba, amma da za mu taho ta karɓi bargon da muka kai mata, ta ce wa yaron gidan ya fitar da kaskon ya ajiye a rumfa. Zan riƙa kiran matar wan maigida ina tambaya.

Malam, saura tambaya ɗaya. Ƙasar suri na samu, na kwaɓa yadda ka ce, yau kwana biyu yana inuwa a rufe da buhu. Da safen nan na duba na ga facin ya ɗan janye daga gefe guda, siririyar tsaga kamar gashi, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. In ƙara shafa masa kwaɓin a kai in sake ƙirga kwana uku, ko in bar shi haka in yi masa ƙaramar wutar gobe?